Ƙofa ɗaya, sunaye 16: me za mu kira port virtualization da Hausa?

1/ Jama'a, assalamu alaikum. Ina shirya ɗan darasi da Hausa saboda yaran da muke koya wa aikin ɗakin saba (server, kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima), da na zo kan port virtualization sai na cije. Yau kwana uku ina juya ta. Kafin wani ya jefo min "ƙofar bogi", ku bari in faɗi aikin da abin yake yi tukuna, don ba a yanka ragon suna kafin a ga jariri.

2/ Akwai kalmomi biyu a gabanta da ban sha wahalarsu ba. Blade server saba ce siririya da ake zurawa cikin akwati ɗaya tare da 'yan'uwanta, wuta da fanka da hanyar sadarwa duk na akwatin ne. BladeCenter na IBM da ya fito a 2002 yana cin 14, c7000 na HP da ya fito a 2006 yana cin 16 in gajerun ne. Na kira ta sabar falle, kamar fallen takarda. Wanda ya ce sabar reza ya bi Turanci ya faɗa rami, ai ba ta aski. Ita kuwa SAN, sadarwar da ke tsakanin sabobi da manyan ma'ajiyan faifai, galibi a kan tsarin sadarwar da ake kira Fibre Channel, na ce mata sadarwar rumbu.

3/ Ga inda gizo ke saƙar. A Fibre Channel duk wanda ya shigo sai an ba shi adireshi mai bit 24, kashi uku, kowanne bit 8. Ku ɗauka unguwa ce da layi da lambar gida. Kowane suwici (switch, na'urar da wayoyin sadarwa ke haɗuwa a cikinta) unguwa guda yake riƙewa, wato mai unguwa ne, kuma lambobin unguwa 239 ne kacal a sadarwa ɗaya. Masu ƙera kayan ma ba sa yarda a kusanci wannan adadin a aikace. To kowane akwatin falle da ɗan suwicinsa yake zuwa, yawanci ma biyu saboda gudun ɓacin rana. In aka ce duk akwatin da aka sauke sai an naɗa masa mai unguwa, kafin ka ankara rawuna sun yi yawa a gari. Kuma duk sabon naɗi sai sauran masu unguwa sun san da shi, sun yi musayar rajista da shi. In na wani kamfani ne daban, rigima ta samu.

4/ Maganin shi ne port virtualization ɗin nan, wato NPIV (N_Port ID Virtualization), wanda IBM ta sa a babbar kwamfutarta z9 a 2005. Mashiga, wato port, ɗaya ce ta zahiri, waya ɗaya. Ita ce ke fara sallama ga babban suwici da saƙon da ake kira FLOGI, a ba ta adireshi. Daga nan duk wanda ke bayanta sai ya yi tasa sallamar da saƙon FDISC, ya faɗi sunansa na dindindin, WWPN mai bit 64, shi ma a ba shi nasa adireshin. Suwicin akwati kuma sai ya ajiye rawani, aikinsa ya koma miƙa sallamar sabobi zuwa sama. Cisco na kiran wannan yanayi NPV, Brocade na ce masa Access Gateway. Babban suwici ba ya ganin maƙwabcin mai unguwa, magidanta kawai yake gani suna fitowa ta ƙofa ɗaya, kowa da sunansa.

5/ Yanzu ga sunayen da kuka kawo min tun safe. Ƙofar bogi na ƙi ta. Bogi a bakin Bahaushe jabu ne, takardar bogi, likitan bogi. Waɗannan adireshin kuwa na gaske ne, da su ake yanke wa kowace saba rabonta a rumbu, a hana ta leƙa na wata. Yaron da ya koyi "bogi" zai ɗauka wasa ne, ran da ya goge suna guda daga rajista zai ga saba ta rasa faifanta gaba ɗaya.

6/ Ƙofar gizo ma na gani, don mun saba da yanar gizo. Amma ita yanar ce ta jawo gizon a can, saboda saƙa. Nan ba saƙa. Kwaikwayo kuma yana nuna akwai na ainihi a gefe ana kwatanta shi, alhali ba wanda ake kwatantawa.

7/ Ƙanena da ya kawo "ƙofar haɗaka", ka kusa ƙwarai, har na rubuta ta a allo kafin in goge. Matsalar haɗaka ita ce ana narkewa a zama abu ɗaya, kamar tukunyar gandu, kowa ya zuba, kowa ya ci. A nan waya kaɗai aka haɗa, suna da rabo kowa da nasa. In ma haɗakar ce ta tsaya a ƙofa, ba ta shiga ɗaki ba.

8/ Sai wani dattijo, malamin Hausa, ya yi min tambaya ɗaya: a gidan gado mai sassa da yawa, ta ina kowa ke fita? Malam, Allah ya ƙara sani, ya ja da rai. Zaure! Zaure ɗaya ne, magidanta goma na iya fita ta cikinsa, baƙo ya tsaya a waje ya yi sallama da wanda yake so da sunansa, kuma zaure bai taɓa zama mai unguwa ba. Har illar ma ta yi kama. A yanayin NPV suwicin akwati ba ya haɗa mutanensa da kansa, komai sai ya hau zuwa babban suwici, can ake yanke wa zai ga wa. In cunkoso ya yi yawa a wayar da ke hawa, kowa a gidan sai ya ji a jikinsa, shi ya sa ake jan waya fiye da ɗaya.

9/ Da murna ta ɗebe ni na ce to aikin sai a kira shi "zaurancewa". Nan take aka yi min ca, kuma da gaskiyarku. Zaurance yana nan da ransa, maganar nan da muke cusa gaɓoɓi a tsakiyar kalma muna yara don kada manya su gane. Wanda ya ji an zaurance mashiga zai zaci ɓoye saƙo aka yi, wato ya tafi wani fannin daban. Na janye.

10/ Wani injiniya ya ja hankalina cewa NPIV ba na akwatin falle kaɗai ba ne. Saba ɗaya mai ɗauke da kwamfutoci da yawa a cikinta tana amfani da shi don kowace ta samu WWPN nata, in ta yi ƙaura zuwa wata saba ta tafi da sunanta. Haka ne, yallaɓai, Hyper-V na Windows Server 2012, manhajar da ke sa saba ɗaya ta ɗauki kwamfutoci da yawa, ma da shi ya dogara wajen wannan. Na gwada zauren a nan ban ga ya karye ba, sai dai gidan ya koma na haya: ɗan haya ya tashi da sunansa, zaure na nan.

11/ Abin da zan sa a darasin ke nan. Mashigar da ke ɗauke da sunaye da yawa, mashigar zaure. Aikin kansa, mayar da mashiga zaure. Suwicin akwati da ya ajiye rawani, suwicin zaure. NPIV da NPV zan bar su yadda suke, tunda su yaro zai gani a allon na'ura. Na gwada jimlar a baki: "Akwatin nan sabobin falle 16 ne, mun mayar da mashigarsa zaure, bai ci mana unguwa ba." Ta zauna. Saura 'yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka koyi aikin da Faransanci, ku faɗa min ko zauren ya shige ku. Ranar Asabar nake shiga aji.