Nextcloud da Ceph: in daidaita log ɗinsu ko in bar kowa da nasa?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. Muna ajiye takardun ofishinmu a Nextcloud, manhajar Ceph kuma na riƙe da fayilolin a kan diskokin sabarmu. Saitin ɗaya na config.php, na ɗayan a ceph.conf. Nextcloud na rubuta log (bayanin duk abin da ya faru a manhajar) da tsarin JSON a agogon duniya na UTC, sabarmu kuma na kan agogon Najeriya, tazarar awa ɗaya. In matsala ta taso, sai in rasa layin da ya dace da wanne. In biya a tattara su ta rsyslog, manhajar tara log wuri guda, da tsari ɗaya, ko in haƙura?

Mai Gyara Sabon Gari: Ka koma MinIO kawai, ɗan'uwa.

Ɗan Samaru: Yallaɓai, ba sauya manhaja na tambaya ba.

'Yar Tudun Wada: Malam, ka kula da wanda za ka ba. Mu wani yaro muka ɗauko. A syslog, tsarin log da rsyslog ke bi, mataki na 0 na nufin gaggawa, 7 ne ke kwaso kowane ƙaramin motsi. Ya ɗauka haka Nextcloud yake, ya sa loglevel 0, alhali a can 0 shi ne mai kwaso komai. Bai kuma sa logrotate, mai rage tsofaffin log, ba. Diski ya cika tam, ranar biyan albashi kowa na tsaye a kaina, ba wanda ya iya ɗora ko takarda ɗaya. Na kira shi, waya a kashe. Wallahi har yau abin na ci min rai.

Baban Kongo: Nawa ya karɓa, Hajiya?

'Yar Tudun Wada: Dubu 150.

Baban Kongo: Subhanallahi! Mu dubu 40 aka yi mana.

Mai Gyara Sabon Gari: Na dubu 40 ba aiki ba ne, kwaskwarima ce.

Baban Kongo: Kai da ko Ceph ba ka taɓa girkawa ba, da wane baki?

Na PZ: Ku bari a ci abincin rana tukuna, log ba zai gudu ba 😂

Injiniya Gyallesu: Fara da agogo. Sa chrony mai daidaita agogon saba, komai ya koma UTC. Ceph na kukan clock skew, wato saɓanin agogo, da zarar agogon mon (masu sa ido a tsarin Ceph) sun saɓa da fiye da daƙiƙa 0.05.

Baban Kongo: Agogon da ake ɗauke wa wuta kullum? Batirin inbatarmu ya mutu tun damina, in wuta ta dawo sai OSD biyu (masu riƙe da diskokin Ceph) su ƙi tashi.

'Yar Tudun Wada: Mu ma haka. Wa ya san inda ake samun batirin lithium na gaske a Zariya, ko sai an je Kano?