Musayar ɗalibai ta wata 6 ko cikakken mastas a fotoniks?

Auta: Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Ina shekarar farko ta mastas a fiziks kuma ɓangaren haske nake so, wato fotoniks, su lesa da faiba. Sashenmu sun ce suna da yarjejeniyar musayar ɗalibai da wata jami'a a Turai, wata 6 ake yi. In bi wannan ne ko in haƙura in nemi cikakken mastas a waje? Don Allah wanda ya sani ya taimaka min

Admin: Wa alaikumus salam Auta. Dokta, Injiniya, ga naku nan

Injiniya: Ƙanwata nemi mastas ɗin Europhotonics kawai. Yana ƙarƙashin Erasmus Mundus, shirin tallafin karatu na Tarayyar Turai, shekara 2, ana yawo tsakanin Marseille a Faransa da Karlsruhe a Jamus da Basalona. In kin samu tallafin, Yuro 1,400 duk wata kuma ba kuɗin makaranta.

Sarkin Zolaya: "in kin samu" 😂 Injiniya ka faɗe shi kamar ruwan famfo ne

Malam Shiru: Auta, kafin ki sa hannu a wancan na wata 6 ɗin ki saurare ni, don ni na bi irin wannan hanyar kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mu ma haka aka ce mana akwai yarjejeniya, har hoton ranar sa hannu an liƙa a ofis. Na yi biza, na tafi, ina sauka na tarar farfesan da ya ƙulla abin ya bar jami'ar tun shekarar da ta wuce, wanda ya gaje shi bai ma san da zuwana ba, ya karɓe ni dai don kunya. To lesar da aka ce zan yi aiki a kai mai aji na 4 ce, wato mafi haɗari, ba a barin mutum ya taɓa ta sai ya yi horon kariya, kuma horon ba kullum ake yinsa ba, sai da na yi sati 5 ina zaune ina karanta takardu kamar wanda ya je laburare. Da na samu izini, ɗaliban PhD ɗinsu uku ne a layi gabana, ni baƙo sai ranar da kowa ya gaji. Wanda bai taɓa daidaita madubai a kan teburin gwaji ba ba zai gane ba, kwana 4 kana juya ɗan sukuru kaɗan-kaɗan har hasken ya shiga faiba, washegari ka zo ka tarar wani ya canza komai don nasa gwajin. Ana cikin haka na'urar ta lalace, aka ce kayan gyara sai bayan wata 2. Na dawo da jadawali guda ɗaya tal. Abin da ya fi ƙona min rai, kwas biyu da na yi a can na ci, sashenmu suka ce ba su san yadda za su lissafa min makin ba tunda ba a rubuta komai a kai ba kafin in tafi. Na maimaita zango guda. Don haka ki tambaye su: wane malami ne da sunansa zai karɓe ki, ki tura masa imel da kanki ki ga ko zai amsa, ki tambayi na'urar da za ki yi aiki a kai da awa nawa za a ba ki a sati, kuma a rubuta kwas-kwas ɗin da za a karɓa bayan kin dawo, ɓangarorin biyu su sa hannu.

Auta: Innalillahi, Malam Allah ya mayar maka da alheri

Sarkin Zolaya: Yau Malam Shiru ya yi magana, ashe tarawa yake yi

Injiniya: Amma Malam kar ka tsorata yarinya, naka ne ya zo a haka. Akwai waɗanda wata 6 ɗin ne ya buɗe musu ƙofar PhD

Malam Shiru: Ban ce kar ta je ba. Cewa na yi ta san wurin wa za ta

Dokta: Maganar Malam gaskiya ce. Ni da na sani tun farko da ICTP zan fara, cibiyar fiziks da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964. Duk shekara suna yin makarantar hunturu ta ilimin haske, wajen sati 2, kuma ɗaliban ƙasashe masu tasowa na iya neman tallafin tafiya. A nan za ki ga malaman ido da ido, ki san wanda zai iya riƙe ki. In kin kai PhD kuma akwai shirinsu na STEP, kina da rajista a jami'arki amma duk shekara ki je ki yi wasu watanni a can da malami na biyu. Alherinsa shi ne ana komawa, in na'ura ta lalace bana baɗi kina nan.

Anti: Ku daina mantawa da Jena. Abbe School of Photonics, mastas da Turanci ake yi, garin Zeiss da Schott ne, duk inda ka juya kamfanin gilashi da madubi. Sai dai biza tana buƙatar a toshe kuɗi a asusu, kusan Yuro 12,000 na shekara, in ba ki da tallafi.

Injiniya: Karlsruhe ma akwai makarantar fotoniks ta KSOP, Anti

Anti: Akwai, amma jiharsu tana karɓar Yuro 1,500 duk zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017. Jena ba wannan

Ɗan Gida: Kullum Turai Turai. Kamar a Afirka ba a harba lesa. African Laser Centre tana nan tun 2003, hedikwatarta a Pretoria, suna haɗa masu bincike daga ƙasashen Afirka da ɗakunan gwajin Afirka ta Kudu. Ga jami'ar Stellenbosch, ga su Farfesa Andrew Forbes a jami'ar Wits da duniya ta san aikinsu, ga cibiyar lesa da faiba ta Cape Coast a Ghana. Ku dai kuna son hoto a cikin ƙanƙara ne

Sarkin Zolaya: Kai da aka hana biza sau biyu dole ka zama ɗan kishin Afirka 😂

Ɗan Gida: Sau ɗaya ne, kuma ka ji da kanka

Admin: Ku bar wannan don Allah

Ɗan Gida: Ni abin da nake faɗa, duk wanda aka tura ya koyi aiki a kan na'urar da ba za ta taɓa zuwa jami'arsa ba, to an koya masa kada ya dawo ne. Cikinku nawa ne suka dawo?

Dokta: Wannan maganar tana da ƙamshin gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Shi ya sa nake yaba tsarin ISP, shirin tallafin kimiyya na jami'ar Uppsala a Suwidin, sun daɗe suna tallafa wa ƙungiyar bincike gaba ɗaya a inda take, da kayan aiki, ba mutum ɗaya kawai ba. Akwai gwaje-gwajen haske da yawa da ake yi da ƙananan fitilun LED da kyamara, ana duba jini ko ganyen shuka, ba sai da lesa mai tsada ba.

Injiniya: Dokta da girmanka, wa zai ɗauke ka aiki a masana'antar faiba da LED da kyamara?

Dokta: Ba kowa ne masana'anta za shi ba Injiniya

Anti: Af, wanda ke tunanin Ingila, Southampton nan ne gidan faiba, can su David Payne suka yi aikin na'urar ƙara ƙarfin haske a cikin faiba a 1987. Amma fiziks sau da yawa sai da takardar ATAS, wato izinin karatun daga gwamnatin Birtaniya, kafin biza, kuma tana cin makonni, kar a bari sai ƙarshe. Na san wanda ya rasa zango saboda ita.

Sarkin Zolaya: Ni dai jami'ar KAUST a Saudiyya nake so, ɗalibi baƙo wata 3 zuwa 6, ga bincike ga Umra kusa

Admin: Kai ka gama digirin tukuna

Ɗan Gida: Wai taron Ranar Haske na 16 ga Mayu za a yi bana kuwa? Bara an ce reshen ɗalibai na Optica, ƙungiyar masana haske, zai kawo kaya, har yau shiru

Injiniya: Ba a sabunta rajistar reshen ba, laifin wa?

Ɗan Gida: Kar ka kalle ni, ba ni ne ma'aji ba

Auta: Na gode ƙwarai yayyena. Malam, na duba takardar da sashenmu suka ba ni yanzu, sunan jami'ar ne kawai da hatimi, babu sunan kowane malami

Malam Shiru: Tawa ma haka take

Sarkin Zolaya: To wa ke riƙe da kuɗin reshen ne wai?