Ƙwarin da suka manne wa cediyata ta bonsai

Mai cediya, Kaduna: Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 4 ina renon cediya a ƙaramin kasko, irin bonsai na Japanawa. Kwanan nan ganyenta ya soma danƙo, kiyashi na hawa da sauka, ga wasu ƙuraje ruwan ƙasa a jikin reshe. Na yi feshi sau biyu, ko gezau. Wanda ya taɓa fama da su ya taimake ni.

Dattijon lambu, Zariya: Wa alaikumus salam ɗana. Sa farce ka kankare ɗaya. In ya ɓare, ƙwaro ne, ruwan itacen yake tsotsa. Ɓawon da ke bayansa ne ke tare maganin, shi ya sa feshinka bai ci ba. Danƙon kuwa darɓa ce suke fitarwa, irin ta dawa. Ita kiyashi ke sha, su kuma suna yi musu gadi. In ka bar ta, baƙin fumfuna zai rufe ganyen. Itacen lemun tsamina ma, da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu na goge shi, reshe bayan reshe, har ƙarƙashin ganye. Yini guda na yi a kai.

Mai kariya, Maraɗi: Baba ya yi gaskiya. Nawa farare ne kamar auduga, a hammatar ganyen kariya. Na jiƙa auduga da sifirit na bi su ɗaya-ɗaya. Kuskurena, na tsaya a karo guda. Bayan mako biyu 'ya'yan suka ƙyanƙyashe, aiki ya koma sabo. Yanzu ƙaramin cokali na man bedi, wato darbejiya, da ɗigon sabulu a lita 1 ta ruwa, duk kwana 7, sau uku. Ƙananan ba su yi ɓawo ba tukuna, lokacin maganin ke kama su.

Mai tsamiya, Jos: Yaya, don Allah kada ka fesa man da rana. Na yi haka, ganyen tsamiyata ya ƙone, har yau abin na damuna. Da yamma, a inuwa.

Mai cediya, Kaduna: Na kankare, Baba, sun ɓare kuwa. Na raba ta da sauran kaskwan, na ɗora ta kan bulo a cikin faranti mai ruwa saboda kiyashi. Man darbejiya zan nemo gobe in Allah ya kai mu.