Tambaya: wai me ake koya wa mabiya addinin Buda akan tausayi da hidima?

Dan_Mambila:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni sana'ata duwatsu ce, safaya muke saye a Mambila mu kai Tailan, yanzu haka ina wani gari Chanthaburi inda kasuwar dutsen take ci daga juma'a zuwa lahadi. Wata biyu da suka wuce zazzaɓin dengi ya kayar da ni, wallahi ban taɓa jin ciwon ƙashi irin wannan ba, ga abokan tafiyata duk sun koma Bankok, daga ni sai Allah a ɗaki. Tsohuwar da nake haya a gidanta, Yai muke ce mata wato kaka a yarensu, ita ta ga kwana biyu ban fito ba ta sa jikanta ya buɗe ƙofa suka kai ni asibiti, da aka sallamo ni kuma kwana tara cur tana hawo min da kunun shinkafa safe da yamma, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shine sabuwar tukunya ta saya don ta san bana cin alade, naman kazar ma wajen wani musulmi take aikawa a sayo. Matar da ko yaren juna bama ji sai da waya.

Da na warke na ɗauko kuɗi na sa a ambulan na kai mata, ta mayar min da shi a aljihu tana cewa tham bun, tham bun. Jikan ya ce min wai lada take nema, in na biya na ɓata mata.

Kuma tun lokacin na fara lura, kullum wajen ƙarfe shida na safe tana tsaye bakin ƙofa da tukunyar shinkafa, malamansu masu mayafi ruwan goro su zo a jere ba takalmi kowa rungume da ƙoƙonsa, ta cire nata takalmin ta zuba musu ta durƙusa, su kuma ko uffan, babu roƙo babu godiya sai wani ɗan karatu da suke yi su wuce. Nan take almajiranmu suka faɗo min a rai amma kuma na ga da bambanci.

Ni dai musulmi ne alhamdulillah kuma ba wani abu nake nema a addininsu ba. So nake na gane me aka koya wa matar nan da har ta yi min abin da wani ɗan uwan ma ba zai yi ba, kuma ta yaya zan saka mata tunda ta ƙi kuɗi. Wanda ya zauna da su ya taimaka.

Bakano_a_Kandy:

Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da jiki Allah ya sa kaffara ne. Na yi shekara uku a Siri Lanka wajen karatu, kuma addininsu reshe ɗaya ne da na Tailan, Terawada ake ce masa, don haka bari na faɗi abin da na gani da wanda na tambaya.

Shi mai addinin, wato Buda, sunansa Siddatta Gotama, ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini cikin ƙasar Nefal ta yanzu, kusan shekara 2500 kenan. Ya bar gida yana da shekara 29 saboda ganin tsufa da ciwo da mutuwa sun dame shi, ya fara wa'azi a Sarnath kusa da Baranasi a Indiya yana da 35, ya mutu yana da 80. Gaba ɗaya koyarwarsa akan wahala ta ginu, cewa duk mai rai yana cikinta, kuma tushenta abu uku ne a zuciya, kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu. To in ka gane wannan ka gane tsohuwarka. A wajensu kyauta, dana suke cewa, magani ce ta kwaɗayin shi mai bayarwar, shi ya sa mai bayarwa ne yake durƙusawa kuma mai karɓa baya godiya, don a ganinsu malamin ne ya ba ta damar yin alheri. Kuɗin da ka kai mata sai ya mayar da abin ciniki.

Maganar almajirai kuwa, bambancin shine su waɗannan manya ne akasari kuma suna ƙarƙashin dokoki 227, ba a yarda su buɗe baki su roƙa ba, abin da aka zuba shi za su ci, daga rana ta take tsaka babu sauran cin abinci sai gobe, kuma a asalin dokar ko kuɗi basa riƙewa duk da yanzu da yawa suna sakaci da wannan. A Tailan ma namiji yakan shiga na ɗan lokaci ya fito, marigayi sarkinsu Bumibol kansa ya yi kwana 15 a cikinsu a 1956. Ragowar abincin kuma baya zubewa, yaran da ke zaune a wurin ibadar suna karatu da talakawan unguwa su ke ci har karnuka.

Sannan jinya musamman tana da babban matsayi. Akwai ƙissar da kowane yaronsu ya sani, wai wani almajirin Gotama ya kamu da atini yana kwance cikin ƙazantarsa kowa ya guje shi, shi da hadiminsa Ananda suka ɗebo ruwa suka wanke shi suka ɗora shi a gado, sannan ya tara sauran ya ce ku baku da uwa baku da uba a nan, in baku kula da juna ba wa zai kula da ku, duk mai son yi min hidima ya yi wa mara lafiya. Ranar da wani ɗan ajinmu ya bani labarin nan sai da tsigar jikina ta tashi don hadisin nan na Muslim ne ya zo min, wanda Allah zai ce ya ɗan Adam na yi rashin lafiya baka gaishe ni ba.

A Siri Lanka abin da na gani da idona shine dansala, lokacin bikinsu na Wesak a watan Mayu unguwa unguwa ake haɗa kuɗi a kafa rumfa a bakin titi, shinkafa da miya, shayi, har askirim, samari su tsaya suna ɗaga tuta suna tare motoci suna roƙonka ka tsaya ka ci, babu mai tambayar addininka. Kuma ƙasar ta shahara da bayar da kyautar ido bayan mutuwa, wani likita Hudson Silva ne ya kafa ƙungiyar a 1961, har ƙasashen waje ake aikawa a dasa wa makafi.

Abu_Hanifa:

Malam duk na ji, kuma tsohuwar nan ta kyauta Allah ya shirye ta. Amma gaskiya kar a zo nan ana wanke mana mutanen nan. Ba su ne suka yi wa Rohingya abin da suka yi a Myanmar ba? A 2017 musulmi sama da dubu 700 suka tsallaka Bangaladash, an ƙona ƙauyuka an kashe mata da yara, kuma tun kafin sojoji su fara akwai malaminsu Wirathu da ke yawo gari gari yana zuga mutane akan musulmi da wannan mayafin dai a jikinsa. Ina tausayin yake a lokacin? Ni abin nan har yau yana min ciwo. Na biyu kuma a kula da aƙida, mutanen nan basu yarda da Mahalicci ba kuma suna cewa ana mutuwa a sake dawowa, kar yara su karanta su ɗauka duk ɗaya ne.

Maman_Ilham:

Sannu ɗan uwa Allah ya ƙara lafiya. Ni nas ce, na yi aiki a wani asibiti a Saudiyya shekara biyar, kuma wadda muka fi yin aikin dare tare 'yar Tailan ce mai bin addinin. Ba a taɓo wani ɓangare ba shi ne nake so na ƙara, wato su a wajensu tausayi baya tafiya shi kaɗai sai da hankali, panya take cewa.

Akwai daren da wani yaro ɗan shekara shida ya rasu a hannunmu bayan mun yi sati uku muna fama, ni na shige ɗakin magani na kasa fitowa ina ta kuka, ita kuma ta je ta cire masa robobin nan a hankali ta goge masa fuska ta gyara zanin gadon, ta zauna kusa da uwar ta riƙe mata hannu kusan awa guda bata ce komai ba, sannan ta wuce gado na gaba ta ba da maganin ƙarfe uku akan lokaci. Wallahi a raina na ce matar nan bata da zuciya. Da asuba na faɗa mata haka, bata yi fushi ba, ta ce min halaye huɗu ake koya musu tun suna yara, son alheri ga kowa, tausayin mai wahala, farin ciki da alherin da wani ya samu, sai na huɗu natsuwar zuciya akan abin da ya fi ƙarfinka, kuma wai kowanne yana da ɗan kama da shi wanda ba shi ba ne, baƙin cikin da ke karya ka yana kama da tausayi amma in ya kama ka kanka kake ji ba mara lafiyan ba, ko in kula ma yana kama da natsuwa. Ta ce uwar yaron hannu take buƙata, kuma akwai wasu yara takwas a ɗakin.

Na daɗe ina juya maganar nan, don mu ma ai muna da haƙuri da tawakkali, kuma Annabi SAW ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuka ba laifi ba ne, amma dai ni ce na bar aikina a daren ita bata bari ba. Sabuwar tukunyar da tsohuwarka ta saya ma ni a nan na ajiye ta, ta tsaya ta yi tunanin me kai kake buƙata kafin ta ɗora girkin.

Sakayya kuma kar ka sake kai kuɗi. Ka gano inda take kai taimako ka sa hannu.

Bakano_a_Kandy:

Malam Abu_Hanifa gaskiya ka faɗa kuma babu mai musu, ni ina garin Kandy na Siri Lanka a Maris ɗin 2018 lokacin da aka ƙona shaguna da masallatan musulmi a Digana kusa da mu har aka sa dokar ta ɓaci, kwana biyu bamu fita ba. Amma abin da na gani kuma shine akwai maƙwabta masu bin addinin da suka ɓoye musulmi a gidajensu. Doka ta farko cikin biyar da kowane mabiyi yake ɗauka ita ce kar ya kashe mai rai, sauran sata da zina da ƙarya da maye, don haka mai zuga a kashe mutane ya saɓa wa littafinsa ne, Dalai Lama ma, babban malamin mabiya addinin na Tibet, a 2017 ya fito ya ce da Buda na nan da ya taimaki musulmin nan. Mu da muka san zafin a ɗora mana laifin Boko Haram a filin jirgi bai kamata mu ɗora wa tsohuwar nan laifin Wirathu ba. Aƙida kuwa ba ɗaya ba ce ko kusa, lakum dinukum waliya din, amma aya ta 8 a suratul Mumtahana bata hana mu kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba.

Dan_Mambila:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Malam Abu_Hanifa kai ma na gode da tunatarwa. Hajiya na bi shawararki na tambayi jikan, ashe sau huɗu a wata a ranakun ibadarsu tana dafa abinci ta kai wa 'yan jinya da ke kwana a barandar asibitin gwamnati, waɗanda suka zo daga ƙauye basu da kowa a gari, kuma ita kaɗai take ɗaukar tukwanen a bayan babur ɗin yaron ga ƙafarta na ciwo. Jiya na sayi buhun shinkafa na ajiye a kicin ɗinta ban ce komai ba, da safe na same ta tana auna shi da gwangwani tana lissafi da yatsu, ta ɗago ta nuna min yatsu uku, yaron ya ce wai zai kai fita uku. Na ce masa ranar talata ni zan yi hayar mota mu tafi tare in riƙe ludayi.

Sai kuma atamfa da nake so na sa a kawo mata daga Kwari in yaronmu zai taho ƙarshen wata, Hajiya ko ƙawar taki ta taɓa faɗa miki kalar da tsofaffinsu suka fi so, don na ga baƙi sai wajen makoki suke sawa.