Shawarwari kan neman afuwa ga ɗaurarre

Bayan la'asar, a gindin darbejiyar masallacinmu kusa da Ringim, aka tada maganar ɗan maƙwabcinmu da ke gidan yari. Wani tsohon ma'aikacin kotu ya ce a fara gane laifin: in na dokar jiha ne, gwamna ke yafewa bisa sashe na 212 na tsarin mulkin 1999, bayan shawarar kwamitin afuwa, na tarayya sai shugaban ƙasa, sashe na 175. Ana iya sakinsa ko a rage masa wa'adi. A rubuta takardar roƙo, a haɗa da shaidar gyaran halinsa. Liman ya ce a fara neman yafiyar waɗanda aka zalunta, na kuwa yarda da shi. Uwar ɗaurarren, baiwar Allah, har ta ɗaure akuyarta za ta sayar ta ba wani mai alƙawarin fito da shi. Aka hana ta.