Ku ba ni fim ɗin ban tsoro da zai bi ni har gado, amma ba na jini ba

Ummin_Dare:

Salam 'yan uwa. Oktoba ya kama kuma duk inda ka leƙa a intanet maganar Halowin ake, su Netflix sun jero fina-finan ban tsoro a gaba kamar an ce a zo a ɗiba. Ni ba bikin ne a gabana ba, wannan na mutanen Amurka da Turai ne ranar 31 ga wata, amma gaskiya lokacin yana tayar min da marmarin kallo, ni da ƙanwata kusan kullum da daddare. Matsalar na gaji da abin da nake samu. Jiya mun kunna wani, daga farko har ƙarshe sare-sare ne da jini, ana cire wa mutum hannu kuma a kawo maka kyamara dab da wurin, ƙanwata ta tashi ta bar ɗakin ni kuma ko ɗar ban ji ba, ƙyama kawai. Shekaranjiya kuma irin wanda duk bayan minti biyar sai a buga ƙara wani abu ya faɗo, ka zabura, kafin ka gyara zama ka manta da shi.

Ni irin The Conjuring na farko nake so, na 2013. Wurin nan da aka rufe uwar a ɗakin ƙasa tana kyasta ashana, sai ga hannaye sun fito daga duhu ta bayanta sun tafa, wlh na yi sati ba na iya juya wa duhu baya. Babu jini ko ɗigo a wurin amma ya zauna min a rai. To irin wannan nake nema, fim ko mai dogon zango duk ɗaya, ko da wane yare ne indai akwai fassara a ƙasa. Don Allah ku taimaka, kuma kar a tona min ƙarshen labari.

Baffa_Sinima:

Wslm 'yata. Na gane abin da kike so sarai, zabura daban tsoro daban. Zabura jiki ne kawai, ko kwano aka yar a bayanki sai kin zabura. Tsoron da kike nema kuwa sai darakta ya yi haƙuri ya sa kin damu da mutanen tukuna, sannan ya bar ki kina jiran abin da kin san yana zuwa amma ba ki san yaushe ba.

Ki fara da The Haunting of Hill House, na Mike Flanagan, ya fito a Netflix a 2018, kashi 10 ne. Miji da mata ne suka sayi wani tsohon ƙaton gida don su gyara su sayar, suka tare a ciki da 'ya'yansu biyar, sai wani dare uban ya kwashi yaran ya gudu da su ya bar uwar a ciki, kuma bai taɓa yi musu bayani ba. Labarin yana kai da komo tsakanin yarintarsu da girmansu, kowanne ya girma da nasa tabon, wannan ya faɗa shaye-shaye, wannan ta koma gyaran gawa, babban kuma ya rubuta littafi a kan gidan ya ci kuɗi alhali bai ma yarda da fatalwa ba. Abin da ya sa nake ce miki ki kalle shi a babban allo ba a waya ba, sun ɓoye fatalwowi a bayan fage, mutane biyu suna hira a falo babu kiɗa babu komai, can a lungun ƙofa ga fuska tsaye tana kallonsu kuma kyamara ba za ta nuna miki ba, ke za ki gano da kanki. Ranar da na fara hango ɗaya sai da na mayar baya sau uku. Daga nan kin shiga uku, don idonki ba zai ƙara zama a kan masu magana ba. Kashi na 5 shi ne wanda ya fi girgiza ni, ba zan ce komai a kai ba. Na 6 kuma aikin gwaninta ne, akwai inda kyamara take tafiya fiye da minti 15 ba a yanke ba.

In kin gama ki nemi The Others na 2001, Nicole Kidman ce a ciki. A tsibirin Jersey ne a 1945, mace da 'ya'yanta biyu da hasken rana yake cutarwa, saboda haka labule a rufe kullum, kuma dokarta ba a buɗe ƙofa sai an kulle ta baya. Sai wasu 'yan aiki uku suka ƙwanƙwasa. Fitilar hannu, ƙarar makullai, takun sawu a sama, shi ke nan kayan aikin fim ɗin, amma ya ishe ki. Kar ki bari kowa ya ba ki labarinsa kafin ki gani.

Ringu na Japan ma, 1998, kaset ɗin bidiyo da in ka kalla kwana bakwai ya rage maka. Amurkawa sun sake yi a 2002 da sunan The Ring, ba laifi, amma na Japan ɗin ya fi shiru ya fi nauyi.

Deejah_K:

Baffa ya gama magana a kan Hill House, na yi kuka a ciki fiye da yadda na ji tsoro ma. Amma sis ni biyu zan ba ki kuma ina roƙonki kar ki tsallake su.

His House, 2020, ya fito a Netflix. Mata da miji ne 'yan Sudan ta Kudu suka gudo daga yaƙi, suka tsallaka teku a kwale-kwale, yarinyar da ke tare da su ta nutse a hanya. Suna isa Ingila aka ba su wani ruɓaɓɓen gida da sharaɗin ba za su yi aiki ba, ba za su tashi daga gidan ba, in suka karya doka a mayar da su inda suka fito. Kin san tambayar da kowa yake yi in ana kallon fim ɗin gidan fatalwa, wai me ya hana su tashi su bar gidan? To nan an toshe wannan ƙofar, babu inda za su. Mijin yana ta ƙoƙarin zama Bature, ya sayo kaya irin nasu, ya ce a daina yarensu a gida, da daddare kuma ana magana a cikin bango yana fasa shi da guduma. Matar ita ba ta ma musu, ta san abin da ya biyo su, zama take yi tana hira da shi. Wunmi Mosaku ce ta fito a matar, idonta kaɗai ya isa ya sa tsigar jikinki ta tashi. Akwai wurare kaɗan masu ɗan tayar da hankali amma ba irin sare-saren da kika ce ba.

Na biyu Under the Shadow, 2016, da Farisanci aka yi shi. Tehran ce lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, wanda aka yi daga 1980 zuwa 1988. An tura mijin bakin daga saboda likita ne, aka bar uwa da 'yarta a bene, makami mai linzami ya faɗo ta rufin bai fashe ba, maƙwabta suka fara guduwa ɗaya bayan ɗaya, 'yar tsanar yarinyar ta ɓata, yarinyar ta kafe a kan aljani ne ya ɗauka kuma ba za ta tafi ba sai an samo. Abin da ya kama ni, har kusan ƙarshe ba ki da tabbacin aljanin ne ko uwar ce kanta ya fara juyewa saboda kaɗaici da rashin barci da jiniyar da ke tashinsu tsakar dare. Bai kai awa ɗaya da rabi ba. Tun da na gan shi mayafi in yana rataye iska tana kaɗa shi sai na sake dubawa.

Sadauki_77:

Ni kam ban yarda a raina fim mai zaburarwa ba gaba ɗaya, Baffa ka yi haƙuri. In an iya shi yana da daɗi, shi kansa James Wan da ya yi Conjuring ɗin da take yabo ai gwanin hakan ne, kawai dai ya san lokacin da zai saki abin. Hill House ma akwai guda ɗaya a mota wajen ƙarshe-ƙarshe da sai da na jefar da rimot.

Hajiya ki gwada A Quiet Place na 2018. Halittu ne makafi da ke farauta da ji, ko cokali ya faɗi an gama da kai, iyalin suna tafiya ba takalmi a kan yashin da suka zuba a hanya, suna magana da hannu, ga matar da tsohon ciki. Akwai ƙusa ɗaya da ta miƙe a kan matakala, an nuna miki ita tun da wuri, daga nan duk wanda ya nufi matakalar numfashinki sai ya tsaya. Yarinyar da ta fito a kurma, Millicent Simmonds, a zahiri ma kurma ce. Ki sa hedfon in za ki kalla.

Sannan tunda wata ne na Halowin ai dole a ambaci Halloween na John Carpenter, 1978. Mutane suna zaton jini ne a ciki saboda waɗanda suka biyo baya, amma na farkon jininsa kaɗan ne ƙwarai, mutum ne kawai da farar fuskar roba tsaye a gefen shinge da rana tsaka yana kallo, ka ɗauke kai ka dawo babu shi. Kiɗan fiyanon ma Carpenter ɗin da kansa ya haɗa. Train to Busan na Koriya zan so in ba ki amma na zombi ne, gawarwakin nan masu tashi, akwai cizo da jini, sai dai in kin ga za ki iya. Hereditary kuwa kar ki kalla da ƙanwarki, da gaske nake, akwai abin da yake faruwa tun fim bai kai rabi ba wanda ba ya fita daga kai.

Maman_Hanan:

Ummi shekarar ƙanwar taki nawa? Tambayar da ya kamata a fara yi kenan. Ni na taɓa barin 'yata mai shekara takwas ta zauna kusa da ni ina kallon irin waɗannan, na ga kamar wasa take da waya ba ta kallo, ashe duk ta kwashe. Wata guda sai da fitila take barci, in za ta banɗaki sai na tsaya mata a bakin ƙofa ina mata magana, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Yaro ba ya faɗa miki ya ji tsoro a lokacin, sai dare ya raba. Ko Coraline da yake katun ne, na 2009, uwar nan mai idon maɓalli ba ƙaramin abu ba ce a wajen ƙaramin yaro. In ƙarama ce ku tsaya a su Hotel Transylvania ko Casper, ke kuma ki kalli naki in ta kwanta.

Kuma tun kafin wani ya kawo miki, su Siccin da Dabbe na Turkiyya ba irin abin da kika nema ba ne, sihiri ne da aljanu da ihu da ƙazanta, suna da ban tsoro kam amma ba sa barin zuciya lafiya.

Ummin_Dare:

Kai na gode sosai wlh, Allah ya bar zumunci. Anti shekararta 19, ba yarinya ba ce, jinin ne kawai ba ta so. Mun fara Hill House jiya da niyyar kashi ɗaya sai ga mu a na uku ƙarfe biyun dare. Baffa na ga fuskar! A ɗakin ƙasa, can baya inda babu haske, ƙanwata ce ta fara gani ta damƙe min hannu har sai da farcenta ya shiga. Ba mu kashe fitilar waje ba har asuba. Deejah His House ne na gaba in sha Allah. Akwai wani na Indiya ko na Koriya irin wannan salon? Na Indiya da na sani duk barkwanci suke haɗawa da shi, su Stree da Bhool Bhulaiyaa.

Baffa_Sinima:

Tumbbad, 2018, babu barkwanci ko kaɗan. Wani ƙauye ne a Maharashtra da ruwan sama ba ya ɗaukewa, labarin ya fara a 1918, akwai tsohuwa ɗaure da sarƙa a ɗaki ana kai mata abinci tana barci don kar ta farka, akwai kuma zinare a ƙarƙashin wani tsohon gida da yaron gidan ya girma yana kwaɗayi. Tsohuwar ba ta da daɗin kallo, ki gargaɗi ƙanwarki. Na Koriya kuma The Wailing, 2016, ɗan sanda ne da 'yarsa ta kamu da wata cuta bayan wani baƙo ɗan Japan ya sauka a dajin garinsu, awa biyu da rabi ne kuma akwai jini a ciki, wannan ki ajiye shi sai ranar da ita ba ta nan. Sadauki na yarda da kai a kan na motar, ni ma ya same ni. Ummi in kin kai kashi na 5 ki dawo ki faɗa mana.