Me ya sa na kasa dafa shayi irin na kakata?

Jikar Inna:

Assalamu alaikum. Shekara 6 ke nan da rasuwar kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, kuma da aka zo rabon kayanta ni na ɗauki butar shayinta, wadda gindinta ya yi baƙi ƙirin saboda garwashi, murfinta kuma yana ɗaure da waya a jikin mariƙi don kada ya ɓata. Tun daga lokacin nake ƙoƙarin dafa shayi irin nata, amma har yau ban dace ba.

Ba ta taɓa yarda da ganyen da ke cikin 'yar jaka mai zare ba, domin a cewarta ƙura ce aka ɗinke. Takan ɗauraye butar da tafasasshen ruwa, ta ɗebi ganye da yatsu uku, ta zuba ruwa, ta lulluɓe butar da tsumma, sannan ta hana kowa taɓa ta. Idan ta zo sha kuma sai ta tsiyaya a faranti ta riƙa kurɓa, ƙwayar sukari tana cikin kuncinta tana narkewa a hankali. Ganyen safe ba a zubar da shi, shi ne za a sake jiƙawa da yamma. Tambayata ita ce, shin akwai wata hikima a cikin waɗannan abubuwa, ko kewarta ce kawai take sa nake jin nawa bai kai nata ba? Zan kuma so jin yadda naku kakannin suke yi.

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya kai rahama kabarinta. Marigayiyar ta san abin da take yi, kuma maganarta ta ƙura ba zagi ba ce, domin abin da ake zubawa a jakar shayi yawanci ɓarɓashin ganye ne da aka niƙe a inji, yana sakin launi da ɗaci nan take, alhali cikakken ganye yana buɗewa sannu a hankali, shi ya sa ma yake jure jiƙo na biyu. Jakar kanta baƙuwa ce a wurin mutanen zamaninta: a Amurka ta fara yaɗuwa a farkon ƙarni na 20, kuma ko a Ingila, inda shayi ya zama kamar ruwan sha, sai a 1953 kamfanin Tetley ya fara sayar da ita.

Ɗauraye buta da ruwan zafi yana hana sanyin jikin butar ya kashe zafin ruwan, tsumman kuma yana riƙe zafin na minti 4 ko 5 da baƙin shayi yake buƙata. Faranti yana da faɗi, don haka shayi yana hucewa a cikinsa da wuri. Amma maimaita ganye da tsotsar ƙwayar sukari tattali ne na waɗanda suka ga rashi da idonsu. A Ingila ma daga 1940 zuwa 1952 gwamnati ce take ƙayyade wa mutane shayi, kusan giram 57 ga kowane mutum a mako. Shawarata ita ce ki duba ruwanki kafin ki zargi hannunki, saboda ruwan famfo mai warin magani yana ɓata ɗanɗanon shayi ko da ganyen mai tsada ne.

Ɗan Autan Gida:

Mu a gidanmu gahawa ce sarauniya. Kakanmu yakan sayi ɗanyen ƙwayarta, ya soya da kansa a kasko yana juyawa har ta fara ƙara tana fashewa, ya daka a wani ɗan ƙaramin turmi da ba a yarda a daka komai a cikinsa ba. Wata rana ƙanwata ta daka wani abin miya a ciki, sai da aka yi mako guda bai yi mata magana ba. Yakan tafasa garin a ruwa, ya sa ɗan gishiri kaɗan, ya sauke, sannan ya yayyafa ruwan sanyi a kai don garin ya kwanta a ƙasa. Daga baya na fahimci cewa gishiri yana danne ɗaci a harshe, ashe ba camfi ba ne kamar yadda muka ɗauka.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda yake kiran Nescafé kayan yaran zamani, alhali tun 1938 kamfanin Nestlé ya fito da ita a Suwizalan, wato ta girmi 'ya'yansa gaba ɗaya. Takardar tace gahawa kuwa, wadda wata matar aure Bajamushiya mai suna Melitta Bentz ta ƙirƙiro a 1908, ko kallo ba ta ishe shi ba. Yana sha da daddare ya yi barcinsa har da minshari, ni kuwa kofi ɗaya bayan la'asar sai na ga asuba ido biyu.

Uwar Biyu:

Ku yi haƙuri, ni ban ga komai na da ya fi na yanzu ba. A gidan kakata ba a magana idan an zauna cin abinci, ba a tashi sai babba ya tashi, kuma wanda ya rage loma ɗaya ita zai tarar tana jiransa a abinci na gaba. Na yarda tsarin ya koya mana girmama abinci, amma ya kuma koya mini cusa wa cikina abin da ba ya so, kuma ban yi wa 'ya'yana haka ba. Haka nan al'adarta ta bin kowane abinci da shayi mai kauri: sai da likita ya same ni da ƙarancin jini ina da ciki ya bayyana mini cewa shayi yana rage yadda jiki yake tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, ya ce in riƙa ba da tazarar awa guda. Game da tambayarki, 'yar'uwa, ina ganin rabin ɗanɗanon yana cikin cewa wani ne ya dafa miki, ke kuwa kina zaune kusa da ita ba ki da wani aiki sai jira.

Jikar Inna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, na gwada da ruwan da na tace na bari ya kwana, kuma lallai an sami bambanci, ko da yake bai kai nata ba tukuna. Jiya da na tsiyaya a faranti, ɗana mai shekara 5 ya tsaya yana kallona, ya tambaye ni ko kofin ne ya fashe, daga nan ya je ya ɗauko nasa farantin.